Yadda Zalɓe Ya Zama Ɓarawo a Ƙauyen Alu

Duk wanda ya zauna da masu kiwon kifi na wannan zamani a Ƙauyen Alu, ko Unguwa Uku, ko Gyadi-Gyadi, ko cikin Tarauni, ya yi haƙuri har suka gama kukan tsadar abincin kifi da ƙarancin wutar da za ta ɗago ruwan burtsatse, lalle ba zai tashi ba sai ya ji an kawo ƙarar tsuntsu; a cikin tsuntsaye kuwa wanda ake ambata da ɗacin rai shi ne zalɓe, wanda ba su da wani laƙabi da suke yi masa sai ɓarawo. Alhali kuwa kakannin mutanen nan, waɗanda suka noma filayen da yau aka cika da gidajen bulo, sun ga wannan tsuntsu tsaye a bakin ruwa shekara da shekaru, yana cin kifin da yake ci yanzu, bisa ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi a kai, ba su kuwa ga dalilin tsayar da yaro ya kore shi ba. Saboda haka mas'alar da ta cancanci bincike ita ce, yaushe ne, kuma ta wace hanya, kifin da yake halal ga duk mai rabo ya koma dukiyar mutum guda, har tsuntsun da ya taɓa shi ya shiga sahun maɓarnata.

Ƙauyen Alu a yau mazaɓa ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda aka ƙirƙiro a 1996, kuma baƙon da ya biyo titin Zariya ko titin Maiduguri ba zai iya nuna inda birni ya ƙare, ƙauye ya soma ba. Amma a lokacin da Turawa suka ci Kano, a 1903, da ma shekaru masu yawa bayan haka, duk wannan nahiya ta kudu da gabashin ganuwa karkara ce: gandayen sarauta irin su Gandun Albasa, da gonakin talakawa na gero da dawa da gyaɗa, da ƙananan ƙauyuka a ƙarƙashin kuka da rimi da tsamiya, da ayarin jakuna masu shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki a mangala. Ginin mutanen wancan zamani kuwa na ƙasa ne, ƙasar kuma ba daga nesa ake ɗauko ta ba; a gefen gari ake haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, a shanya shi a rana, kowace shekara kuma a koma a ƙara ɗiba don yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ta haka ya zamana babu wani gari, babba ko ƙarami, da ba shi da kududdufi gwargwadon girmansa, domin duk katangar da ta tashi sama ta bar rami a ƙasa daidai da ita. Ganuwar Kano kanta, wadda aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta tsakanin 1463 da 1499, ita ta haifar da jerin kududdufan da mutanen yanzu suka tarar a gefen Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa da Hauren Shanu. Da Baturen nan Clapperton ya shigo Kano a farkon 1824, abin da ya fara ɗaukar hankalinsa har da fadamar Jakara da ta ratsa birnin, da agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa da ungulaye da ya gani a kanta. Barth ma, da ya zo a 1851, bai bar ruwan Jakara ba sai da ya siffanta shi. Kano ta da, ciki da waje, gari ne na ramuka masu ruwa, duk inda ruwa ya kwanta kuwa akwai kifi, duk inda kifi yake akwai mai jiransa.

Waɗannan kududdufai ba wanda ya zuba musu kifi. Idan ruwan Agusta ya yi ƙarfi, rafuka da kwari da burtali suka haɗe, tarwaɗa takan biyo malala, har ma takan ja ciki bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare daga wannan ruwa zuwa wancan, domin Allah Ya ba ta wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita. Gaiwa kuwa ba ta ma barin wurin: in ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙinta, ta kwanta nan wata da watanni har sama ta sake zubowa. Karfasa da sauran ƙananan kifaye su hayayyafa a gefe-gefe, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Yara su yi fatsa da tana, magina su ɗebi ruwan kwaɓi, makiyaya su shayar da bisashe. In rani ya yi nisa, ruwa ya taƙure a tsakiya, sai a sa ranar su, a faɗa da koma da ƙwarya da hannu, kowa ya tafi gida da abin da ya kama. A manyan ruwaye akwai Sarkin Ruwa mai buɗe su da rufe shi, al'adar da bikin Argungu ya bayyana wa duniya tun daga 1934. A ƙaramin kududdufin ƙauye kuwa mai unguwa da dattawa sun isa. A daidai wannan lokaci na ƙafewar ruwa ne tsuntsaye ma suke taruwa su ɗebi rabonsu, kafin ranar su da bayanta, ba mai lissafa musu.

Shi zalɓe iri-iri ne, amma biyu ne suka shafe mu. Akwai mai baƙin kai, wanda yake ɗan ƙasa, yana sheƙa da damina a kan dogayen itatuwa har cikin garuruwa, kuma galibin abincinsa a tudu yake samu: ɓera, ƙadangare, fara, kwaɗo, har ƙaramin maciji, don haka shi mai taimakon manomi ne ko manomi bai gode masa ba. Akwai kuma mai ruwan toka, wanda shi ne masunci na haƙiƙa. Da yawa daga cikin irinsa baƙi ne, daga ƙasashen Turai suke tasowa in sanyi ya kama can, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka mana da kaka, su zauna har bazara. Tsayinsa ya kai ƙafa 3, in ya buɗe fikafikai sukan kusa ƙafa 6, amma duk da wannan girma nauyinsa bai cika wuce kilo 2 ba. Sana'arsa haƙuri ce tsantsa: ya sauka ɗan nesa da ruwa, ya tako sannu, ya shiga iyakar inda ƙafarsa ta kai, ya lanƙwashe wuya, ya tsaya cak har kifi ya manta da shi, sa'an nan wuyan nan ya miƙe da saurin da ido ba ya bi. Lokacinsa kuwa tsakanin asuba da fitowar rana, da kuma gab da magariba, watau daidai sa'ad da mai gida yake masallaci. Bai kamata a haɗa shi da balbela ba, wadda ke bin shanu don fara da ƙwari, balle shamuwa, mai bushara da damina, wadda Bahaushe yake bari ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba ya ko jifanta.

Magabata ba su jahilci halin zalɓe ba. A cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8 na Miladiyya, akwai hikayar wani tsohon zalɓe da ya gaza su, ya yaudari kifaye da alkawarin zai kai su wani tafki mai aminci, ya riƙa ɗaukarsu yana cinyewa a hanya, har ƙaguwa ta gane makircinsa ta shaƙe shi. Sai dai wanda aka zalunta a hikayar kifi ne. Babu wani ɗan Adam da ya fito ya ce an ci masa dukiya.

Dalilin haka kuwa a fili yake ga wanda ya yi karatun zaure. Fuƙaha'u sun sanya kifin da ke cikin kogi ko tafki a babin mubahi, watau abin da ba shi da mai shi sai wanda hannunsa ya riga kaiwa gare shi, tare da ciyawar daji da namun dawa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda da wuya a sami makarantar ilimi a Kano da ba a karanta ta, ta hana sayar da kifin da ke cikin koguna da kududdufai tun ba a kama shi ba, domin ciniki ne na garari: mai sayarwa bai san adadinsa ba, ba shi kuma da ikon miƙa shi ga mai saye. In kuwa malamai za su buga misali da abin da ba a iya miƙawa, abu biyu suka saba haɗawa, kifi a ruwa da tsuntsu a sama. Ashe ke nan a wurinsu zalɓe da abincinsa hukuncinsu guda, dukansu ba su shiga mallakar kowa ba. Sata kuwa, a shari'a, ba ta tabbata sai an ɗauki abin wani daga hirzinsa, watau ma'ajiyar da aka tanada don tsare irinsa. To, kududdufin ƙauye ba hirzi ba ne, kifin cikinsa kuma ba wanda ya kashe anini a kansa. In yaro ya riga zalɓe, na yaro ne, in zalɓe ya riga yaro, Allah Ya ba shi.

Kada mai karatu ya zaci mutanen Tarauni da Gyadi-Gyadi na da ba su san gaba da tsuntsu ba. Sun san ta ƙwarai, sai dai fagenta gona ne, domin a can ne guminsu yake. Da zarar gero ya yi bununi ya fara ƙosawa, aka soma gasa tumu, sai a kafa rumfar kara mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi daga gare ta zuwa kusurwoyi, a rataya musu sakaina, daga baya da gwangwani ya yawaita aka koma gare shi. A ɗora yaro a kai tun kafin gari ya waye, da majajjawa a hannu da tarin curin ƙasa a gefe, yana ja yana ihu har rana ta faɗi. A tsakanin kunyoyi kuma a kafa mutum-mutumi da tsohuwar riga da malfa. Wannan aiki, mai kama da wasa ga wanda bai yi shi ba, shi ya koya wa manoman ƙasar Kano wani ilimi wanda littafi bai ba su ba: tsuntsu yana da ido, yana kuma da hadda. Mutum-mutumi yakan tsorata shi kwana biyu, a na uku ya zo ya duba, a na huɗu ya sauka a kan malfar. Gwangwanin da iska ke kaɗawa ba dare ba rana yakan zama masa kiɗa. Abin da ba ya sabawa da shi kurum shi ne mai rai, wanda ba a san lokacin da zai motsa ba. Masu iya magana sun ce kifi na ganinka, mai jar koma, tsuntsu kuwa ya fi kifi gani. Shi ya sa manomi mai dabara yakan sauya wa mutum-mutuminsa wuri da tufa, wani kuma ya shuka gero mai gashi, wanda ƙaiƙayinsa ke tsone wa tsuntsu ido, wani ya daidaita shukarsa da ta maƙwabta don ɓarnar ta rabu a kan kowa.

Shari'a ma ta san wannan tsaro, ta kuma raba nauyinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da aka yanke game da taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga wata gona ta yi ɓarna: tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma lamuninsa yana kan masu dabbobin. Da wannan alƙalai suka daɗe suna raba manomi da makiyayi. Amma tsuntsu ba shi da ubangijin da za a kai ƙara gaban alƙali, don haka nauyin tsaro, dare da rana, ya koma kan mai amfanin gona shi kaɗai. Ko da zamani ya kawo jirgin sama mai feshin guba a kan mazaunin jan-baki a fadamun Haɗeja da Nguru da Kabi, ba a rabu da jan-baki ba, an dai haɗa da tsuntsayen da ba su ci ba, ba su sha ba, yaron kan rumfa kuma yana nan a gonakin shinkafa har gobe.

Abin da ya raba kududdufi da darajarsa ya zo ne a hankali. Likitocin Turawa suka dube shi, ba su ga komai ba sai gidan sauro da tsargiya, kuma a nan gaskiya suka faɗa. Duba-gari suka riƙa zuba masa mai, suna neman a cike shi. Ruwan famfo ya zo daga Chalawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aka tsara wa birnin da kewayensa shirin gini na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. Aka ba Kano jiharta a 1967, Gwamna Audu Bako ya zo da tituna da ma'aikatu da Gidan Zoo, kuɗin fetur kuma suka biyo baya. Gonakin Gyadi-Gyadi da Tarauni da unguwar Hausawa aka yanka su fuloti-fuloti, ma'aikata da 'yan kasuwa suka fito daga cikin birni, baƙi suka sauka kusa da tashar Unguwa Uku, Asibitin Malam Aminu Kano ya kafu a gefen titin Zariya, Ƙauyen Alu ya wayi gari a tsakiyar gari. Babban abin da ya kashe kududdufi kuwa shi ne siminti: da bulo ya kori tubali, ba a sake bukatar ramin ƙasa ba, sai ya koma juji da matattarar ruwan kwata, daga nan a cike shi da shara, a daddale, a sayar da shi fili. Da yawan gidajen da ruwa ke shiga a watan Agusta, a kan tsohon kududdufi suke zaune, ruwan kuwa hanyarsa ta da yake nema.

A daidai lokacin da ƙananan ruwaye ke ɓacewa, manya suka bayyana. Audu Bako ya gina madatsar Bagauda, sa'an nan Tiga, wadda aka gama a 1974, aka yi ta Jakara a Wasai, daga baya ta Chalawa a 1992. Masunta suka zo suka kafa sansani a bakinsu, shinkafa ta cika Kura da Kadawa. Amma ruwan da aka tare a sama shi ne wanda a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, matattarar kifi da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, don haka ambaliyar can ta ragu ƙwarai, ga kuma farin 1973 da na 1984. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, wanda bandar kifinsa ta Baga ta cika kasuwannin Kano, ya janye har bai kai ushirin girmansa na da ba, daga baya kuma fitina ta toshe hanyar fatake. Kifin Allah-ba-ku ya yi ƙaranci a daidai sa'ad da bakunan ci suka ninka. Tunanin a kiwata kifi yadda ake kiwon kaji kuwa ya riga haka zuwa: tun farkon shekarun 1950 Turawa suka haƙa tafkunan gwaji a Panyam ta ƙasar Filato, gwamnatin Kano ma ta yi wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda. Sai dai wannan duka ya daɗe yana hannun ma'aikatan gwamnati, talaka yana kallo daga nesa.

Sana'ar ba ta shigo gidaje ba sai wajen shekarar 2000, da abubuwa suka haɗu: aka iya yi wa tarwaɗa allura ta saki ƙwai a kowane lokaci na shekara, aka shigo da abincin kifi mai yawo a kan ruwa, irin su Coppens na ƙasar Holan, aka kuma sami burtsatse a cikin gidaje. Kifin kiwo a Nijeriya, wanda bai wuce kimanin tan 25,000 ba a 2000, ya zarce tan 300,000 a 2015, mafi yawansa tarwaɗa, har ƙasar ta zama babu kamarta a duniya wajen kiwon wannan kifi. Ma'aikacin da ya yi ritaya, da matar aure mai ɗan jari, da saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, kowa ya gina kwami a bayan ɗaki, ko ya kafa tamfol, ko ya sayi tankin roba. Mai fili kuwa ya haƙa tafki a lambunsa a bayan gari. A sayo 'ya'yan kifi da ƙidaya, a ciyar da su wata 4 zuwa 6 har su kusa kilo, a kira dillalai daga kasuwar kifi ta titin Galadima su zo da sikeli. A nan ne hukunci ya juya. Kifin kwami an san adadinsa, an san kuɗinsa, ana iya miƙa shi ga mai saye a sa'ar da aka so, don haka garari ya fita daga cinikinsa. Yana da mai shi, yana kuma cikin hirzi. Abinci kaɗai yana cinye wajen kashi biyu cikin uku na jarin mai kiwo, saboda haka duk kifin da ya ɓace ya tafi da buhun da ya ci.

Zalɓe dai ba wanda ya sanar da shi an sauya hukunci. Ya zo neman kududdufin da ya sani, ya tarar da rufin kwano. Ya ɗaga sama, ya hangi ruwa yana ƙyalli a cikin wani lambu, da kifi cunkushe fiye da duk abin da ya taɓa gani a daji, kuma irin kifin da dole ne ya riƙa tasowa sama don shaƙar iska, wanda an ma saba masa da tasowa in ya ga inuwa a kansa, yana zaton mai abinci ne. Cikinsa yana ɗaukar sulusin kilo zuwa rabin kilo a yini, wanda in aka auna da 'ya'yan kifi masu giram 10 ya kama 33 zuwa 50. Wanda ya fi ƙarfin haɗiyarsa kuma yakan soke shi ya bar masa rauni, raunin ya jawo cuta. Zuba 'ya'yan kifi 1,000 a buɗaɗɗen kwami daidai yake da shanya tsaba a tsakar gida a bar kaji a sake. Gaskiya ne a cikin matsattsen gida, mai dogayen katangu da yara da hayaniya, bai cika sauka ba, domin yana son sarari. Inda yake ɓarna shi ne manyan gidaje masu lambu, da filayen da aka kewaye ba a gina ba, da tafkunan ƙasa na hanyar Zariya da ta Wudil.

Masu kiwo suka koma ga abin da suka gada: mutum-mutumi, gwangwani, tsumma a kan sanda, da sabon salo na rataya fayafayan CD da madubi don su yi walƙiya. Sakamakon kuwa shi ne wanda yaron kan rumfa zai iya gaya musu kyauta. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne wanda ya dogara ga sanin ƙirar tsuntsun. Tun da shiga ruwa yake da ƙafa, kwamin da bangonsa ya miƙe tsaye, zurfinsa ya wuce ƙafa 2, aka kuma bar ruwan ƙasa da baki da kamar ƙafa guda da rabi, ya fi ƙarfin wuyansa. Tun da takowa yake daga nesa, zare biyu da aka ja kewaye da tafkin ƙasa, ɗaya a tsayin inci 8, ɗaya a inci 14, sukan sarƙe masa ƙafa ya haƙura. Guntayen bututu a ƙasan ruwa maɓoya ce ga kifi, kare a lambu kuma ya fi mutum-mutumi goma. Amma maganin da ba ya ƙarya shi ne raga, a shimfiɗa ta a kan ruwan duka, a ɗaga ta yadda baki ba zai kai ba, a ja ta tamau don kada tsuntsu ya sarƙafe a ciki ya mutu a wulaƙance. Ita ce kuma take tsare shirwa da hankaka da ƙananan tsuntsayen nan masu faɗowa ruwa daga sama, waɗanda zurfi da zare ba su hana su.

Turawan Ingila, waɗanda suke kiwon jajayen kifaye a lambu don ado, sun bi wannan hanya kafin mu. A da zalɓe naman sarakuna ne a wurinsu, har an yanka 400 a walimar naɗin babban limamin cocin York a 1465. Tun 1928 suke ƙidayar sheƙarsa kowace shekara, dokarsu ta 1981 kuma ta hana kashe shi. Suka ƙago zalɓen roba, wai in na gaske ya ga wuri da mai shi zai wuce, sai ga shi wani lokaci ma shi ke jawo shi. Su ma a ƙarshe ga raga suka koma.

A ganina kuma an ɗora wa zalɓe laifin da ya fi nasa. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. In ba a tace ana raba manya da ƙanana kowane mako biyu ba, 'yan ƙalilan da suka riga girma sun isa su rage kwami da rabi, ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba. Akwai guza, akwai kyanwa, akwai ruɓaɓɓen ruwa da ba a sauya ba, akwai kuma mai ƙafa biyu marar fiffike, wanda yake zuwa da buhu. Mai kiwon da ya zuba 1,000 ya kwashe 600, ya fi masa sauƙi ya zargi tsuntsun da ya gani sau ɗaya da asuba, da ya zargi sakacinsa ko ɗan aikinsa.

Game da kisa kuwa, mazhabarmu ba ta haramta naman tsuntsu ba, ko mai farce ne, kuma kare dukiya halal ne. Amma Risala ta karhanta farauta don wasa, kuma wanda ya harbe zalɓe ɗaya bai yi komai ba sai buɗe wa na biyu wuri, muddin ruwan yana buɗe. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi na cusa fiya-fiya a cikin mataccen kifi su ajiye a bakin tafki, domin gubar ba ta tambayar wanda ya ci: shirwa ce, kyanwar maƙwabci ce, kazar marainiya ce, ko ruwan da zai gangara lambun wani. Ungulun da Clapperton ya gani birjik a Jakara, yau yaro yakan girma a Kano bai gan ta ba, guba da farauta suna cikin abin da ya kawar da ita. Cuta ana gusar da ita, amma ba da wadda ta fi ta ba.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai da hukumar tsara birni, 'yan kududdufan da suka rage a ƙasar Tarauni da gefen ganuwa, a daina yanka su fuloti. A yashe su, a hana zuba shara, a bar su su riƙe ruwan Agusta, tsuntsu ma ya sami inda zai ci ba tare da ya shiga gidan kowa ba. Kai kuma mai niyyar gina kwami bana, ka sa kuɗin raga a cikin lissafinka tun kafin ka je sayen 'ya'yan kifi.